Yadda Ake Saita Mataimakin Hira na Kanka da Fayil ɗin .env

Idan kana son mataimakin hira da zai zauna a kwamfutarka, sirrinka bai fita zuwa sabar wani kamfani ba, Ollama da Open WebUI sun ishe ka. Ollama ne ƙwaƙwalwar, Open WebUI kuma shafin da za ka riƙa rubutu a ciki. Abin da ke haɗa su 'yan layuka ne da ake kira saitunan muhalli: suna, alamar =, sai abin da ka ba shi.

Fara da girka Docker da Ollama, sannan ka buga ollama pull llama3.2 don sauko da samfurin da Ollama zai yi aiki da shi. Zai ci kusan gigabait 2, don haka ka tanadi data.

Sai ka buɗe sabon fayil mai suna .env kusa da docker-compose.yml, fayil ɗin da Docker zai bi ya tayar da Open WebUI a cikin kwantena, ka rubuta:

OLLAMA_BASE_URL=http://host.docker.internal:11434
WEBUI_SECRET_KEY=

A gaban layi na biyu ka liƙa abin da openssl rand -hex 32 ya fitar maka. Kada ka bar fili gaba ko bayan alamar =.

Layin farko ne ke kayar da mutane. Da yawa sukan rubuta localhost, alhali a cikin kwantenar Docker wannan sunan kwantenar kanta yake nufi, ba kwamfutarka ba. A Linux akwai ƙarin aiki: ka sa host.docker.internal:host-gateway ƙarƙashin extra_hosts, ka kuma ba Ollama OLLAMA_HOST=0.0.0.0, domin a asali 127.0.0.1 kawai yake saurare. Amma fa wannan zai buɗe shi ga duk wanda kuke kan hanyar sadarwa ɗaya ko Wi-Fi ɗaya, sai ka tsare ƙofar 11434.

A docker-compose.yml ka nuna fayil ɗin .env da env_file, ka haɗa ƙofa 3000 da 8080, ka ware wa /app/backend/data ma'aji don kada hirarrakinka su salwanta. Buga docker compose up -d, ka shiga localhost:3000. Wanda ya fara rajista shi ne shugaba, saboda haka kai ka fara.

Ka natsu tun kafin tashin farko. Open WebUI yakan adana wasu saituna, har da adireshin Ollama, a rumbunsa, ya daina duba .env a kansu. Gyaransu daga baya sai ta shafin shugaba. Sauran kuwa, restart ba ya ɗauko canji, sai ka maimaita up -d.

Daga ƙarshe ka buga chmod 600 .env, ka sa sunansa a .gitignore kafin ka tura komai zuwa GitHub.