Tambayoyi Uku a Kan Annoba

Sa'ad da annoba ta shiga gari, tsoro ya kan riga ta shiga kowane gida. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce mugun iska ne. Amma akwai wani ilimi na bin sawun cuta a cikin jama'a, kamar yadda maharbi ya ke bin sawun nama a daji. A darasin nan za mu ga mafarinsa, da tambayoyi uku da ya ke tsaye a kansu.

A birnin Landan na ƙasar Ingila, tun da daɗewa magatakardan majami'u su kan ba da lissafin waɗanda aka binne kowane mako, da abin da ya kashe su. A shekara ta 1662 wani ɗan kasuwa, John Graunt, ya tattara takardun nan ya yi ta ƙirgawa. Ya tarar ana haihuwar maza fiye da mata kaɗan, kuma yara da yawa su kan mutu tun suna ƙanana. Shi ba likita ba ne, amma ya nuna mana cewa ƙidaya ta kan tona abin da ido bai gani ba.

A ƙarshen watan Agusta na 1854, cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta faɗa wa wata unguwa ta Landan mai suna Soho. Cikin kwana 10 mutum fiye da 500 suka mutu. Yawancin likitocin zamanin sun ɗauka warin ƙazanta ne ya ke kawo ta. Likita John Snow kuwa ya yi zaton ruwan sha ne. Sai ya karɓi sunayen matattu, ya bi gida gida yana tambaya.

Ya tambayi wurin da suka zauna, ya ga yawancinsu suna kewaye da famfon wata rijiya a titin Broad. Ya tambayi waɗanda suka tsira kuma. A kusa akwai gidan gajiyayyu mai mutum 535, amma 5 kaɗai suka mutu, gama suna da tasu rijiya. Sa'an nan ga wata gwauruwa a Hampstead, nesa da unguwar, wadda ta mutu da cutar. Ashe ruwan famfon nan ya ke mata daɗi, har a kan kai mata shi a kwalba.

Snow ya kai maganar gaban shugabannin unguwa, ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Gaskiya ne cutar ta riga ta fara raguwa, domin mutane da yawa sun gudu. Amma daga baya ya zana taswira, ya sa alama a kan gidan kowane mamaci, kowa ya ga yadda alamun suka taru a gindin famfon.

Wani malamin ekklesiya na unguwar, Henry Whitehead, bai yarda da maganar Snow ba da fari. Da ya ke ya san mutanensa, ya shiga gidajensu domin ya gwada ta. Shi ne ya gano cewa wata jaririya a gida mai lamba 40 ta kamu kafin sauran, an wanke tsummokinta an zuba ruwan a ramin masai, ramin kuwa yana yoyo dab da rijiyar. Mai gardama ya zama mai shaida. Snow ya rasu a 1858, sai wajen 1884 Robert Koch ya tabbatar wa duniya ƙwayar cutar. Ashe ana iya tare hanyar cuta tun ba a ga ƙwayarta ba.

To, ga tambayoyin uku.

Ta fari, su wane ne suka kamu? Yara ne ko manya, maza ko mata, wace sana'a su ke yi? A nan sai mu lura da lissafi. In mutum 20 suka kamu a ƙauye mai mutum 200, ɗaya cikin 10 ke nan. In 20 suka kamu a gari mai mutum 2,000, ɗaya cikin 100 ne. Adadin ɗaya ne, amma wutar ta fi ci a ƙauyen.

Ta biyu, a ina? Wace unguwa, wace rijiya, wace kasuwa ko makaranta ta haɗa su?

Ta uku, yaushe? Mu a ƙasar Hausa mun san sanƙarau ya kan zo da rani, lokacin ƙura da zafi, ya ja da baya in damina ta sauka, kamar yadda ya yi a babbar annobar 1996. Sanin lokacin nan ne ya ke sa a shirya allurar rigakafi tun da wuri. In kuwa mutane da yawa suka kwanta rana ɗaya bayan biki, sai mu tuhumi abinci ko ruwan da suka sha tare.

'Yan'uwa, aikin nan bai fi ƙarfinmu ba. In cuta ta ɓulla a garinmu, kada mu ɓoye marar lafiya domin kunya. Bari mai iya rubutu ya rubuta shekarun kowane, da unguwarsa, da ranar da ya kwanta, da inda ya ke ɗibar ruwa, a kai wa ma'aikacin asibiti da sauri. Takarda guda tana iya ceton 'ya'yan maƙwabcinmu.

Tambayoyi domin bincike:
1. Me gidan gajiyayyu da gwauruwar Hampstead suka koya wa Snow?
2. Don me ba ya isa a faɗi adadin masu ciwo kaɗai?
3. Taku nawa ne tsakanin masai da rijiyar da mu ke sha?