Darasi na 14: Fasahar Liƙe-Liƙe da Kyauta ga Gidan Tarihi

Karatu

Da yamma, idan teloli suka tashi daga aiki a unguwar Bulumkutu da ke Maiduguri, yaran shago sukan share ƙyallayen da suka zuba a ƙasa: guntun shadda, guntun atamfa, guntun leshi. Yawancinsu a bola suke ƙarewa. Amma a wurin mai fasahar zane, waɗannan ƙyallaye kayan aiki ne. Akwai wani reshe na fasaha da ake kira liƙe-liƙe. A cikinsa ana yanka takarda ko ƙyalle ko fata, a jera su a kan allo ko kwali, a manna su da gam har siffa ta fito.

A Turai ana danganta bunƙasar wannan fasaha ga Pablo Picasso da Georges Braque, waɗanda suka fara liƙa guntayen takarda a cikin zanensu a shekarar 1912 a ƙasar Faransa. To, amma dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun da daɗewa dukawa suke yanka jar fata da koriya, su ɗora su a kan jaka ko matashi domin ado. Ko abin liƙawa ma ba mu rasa ba, domin ƙasar Borno ta yi suna wajen samar da ƙaro.

A shekarar 1958 wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane a kwalejin Zariya, wadda ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Daga cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Sun fito daga ƙabilu daban-daban, amma ra'ayinsu ɗaya ne: a haɗa abin da aka koya daga Turai da abin da aka gada a gida. Wannan ra'ayi bai mutu ba. A jami'ar dai, Farfesa Jacob Jari ya shahara wajen sarrafa karan hatsi da ƙyallayen da teloli suka yar, yana mayar da su hotuna. Karan da yara ke ƙera motar wasa da shi, shi ne ya shiga zauren nunin zane.

Irin wannan aiki yakan buƙaci hannu da yawa. El Anatsui, ɗan ƙasar Gana wanda ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, yana haɗa dubban marafan kwalabe da wayar jan ƙarfe, su zama kamar wani ƙaton mayafi mai ƙyalli da ake ratayawa a bango. Ba shi kaɗai yake yi ba. Mataimaka masu yawa ne suke daddaƙe marafan, su huda su, su ɗaure su, sannan shi ya tsara yadda za a jera sassan. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai aikin tarayya yana da nasa gwajin. Dole kowa ya haƙura idan ƙyallen wani ya rufe nasa, kuma ya kamata a daidaita tun farko a kan sunan da za a rubuta a jikin aikin.

Idan aiki ya kammala, ina za a kai shi? Mai shi yana iya sayar da shi, ya shiga ɗakin wani attajiri inda mutane kaɗan ne za su gan shi. Yana iya ajiye shi a gida, inda gara da ƙura da danshi suke jiransa. Mutanen Maiduguri sun ga yadda ambaliyar madatsar ruwa ta Alau ta lalata kayan gidaje a unguwanni da dama a watan Satumba na 2024. Hanya ta uku ita ce a ba da shi kyauta ga gidan tarihi. A can za a rubuta sunan mai aikin da shekarar da aka yi shi, a ba shi lamba, a riƙa kula da shi, kowa ya zo ya gani.

Wannan kyauta ba ƙaramar sadaukarwa ba ce, domin mai bayarwa ya rabu da kuɗin da zai samu, kuma abin ya bar hannunsa. Duk da haka akwai masu yi. Yemisi Shyllon, wani mai tara ayyukan fasaha, ya ba jami'ar Pan-Atlantic da ke Legas ayyuka 1,000, aka buɗe gidan adana su a 2019. Yanzu ɗalibai suna zuwa su kalli abin da a da yake a gidan mutum ɗaya.

A Maiduguri ma akwai gidan tarihi na ƙasa, kamar yadda Kano take da Gidan Makama. Mutane da yawa suna zaton tsofaffin tukwane da takubba kaɗai suka dace da irin waɗannan wurare. Amma abin da muke kira kayan tarihi a yau, sabo ne a zamanin wanda ya yi shi. Idan ba a adana aikin masu fasahar yau ba, jikokinmu za su san yadda kakanninmu suka rayu, su rasa abin da zai nuna musu yadda mu muka rayu.

Ma'anar Kalmomi

ƙyalle: guntun tufa
dukawa: masu sana'ar fata
ƙaro: ruwan itace mai danƙo da ke daskarewa
jinka: rufin ɗaki na ciyawa
sadaukarwa: rabuwa da abu mai daraja domin amfanin wasu

Nahawu

Dubi kalmar liƙe-liƙe. An samo ta daga aikatau liƙa. Ninka kalma irin haka yana nuna cewa aikin yana da yawa ko kuma iri-iri ne: yanka, yanke-yanke, ɗinka, ɗinke-ɗinke. Ku ninka waɗannan, ku sa kowace a cikin jimla: gina, shuka, gyara, tara.

Tambayoyi

1. Mene ne liƙe-liƙe?
2. Wane ra'ayi ne ya haɗa ɗaliban Zariya a 1958?
3. Waɗanne abubuwa biyu Jacob Jari yake sarrafawa?
4. Bayyana karin maganar da ke cikin karatun da kalmominka.
5. Me mai ba da kyauta ga gidan tarihi yake rasawa, me kuma jama'a suke samu?

Aikin Aji

Ku kasu rukuni-rukuni, mutum biyar-biyar. Ku roƙi ƙyallaye a wurin telan unguwarku, ku nemo kwali da almakashi da gam. Kowane rukuni ya haɗa hoton kasuwa ko na bikin salla. Ku rubuta sunayenku da kwanan wata a bayansa, sannan ku rubuta gajeriyar wasiƙa da Hausa zuwa ga shugaban makaranta, kuna miƙa aikin kyauta ga ɗakin karatu.