Yadda Ake Zaɓar Kamshaf Ga Injin Chevrolet 350 Na Hawan Yau Da Kullum

Ƙaramin injin V8 na Chevrolet ya fito ne a Amurka a shekarar 1955, sannan a 1967 aka fitar da samfurin 350, mai lita 5.7, wanda har yau masu gina injin a gareji suka fi so. Ana iya sauya masa kusan komai, amma babu abin da ke canza halinsa kamar kamshaf, kuma a nan ne sababbin shiga suka fi yin asarar kuɗi.

Kamshaf sandar ƙarfe ce mai ƙullutai masu siffar ƙwai. Tana juyawa sau ɗaya duk lokacin da karanshaf ya juya sau biyu, kowane ƙullutu kuma yana tura bawul ɗaya ya buɗe. Ga wanda ya saba da kwamfuta, kamar manhaja ce da aka sassaƙa a jikin ƙarfe: ita ke faɗa wa injin yaushe zai shaƙi iska, yaushe zai fitar da hayaƙi. Bambancin kawai, ba a yi mata sabuntawa. Idan an zaɓa ba daidai ba, sai an sake kwance gaban injin.

Lamba ta farko da ake dubawa a takardar kam ita ce tsawon lokacin da bawul ke zama a buɗe, wanda ake aunawa da digirin juyawar karanshaf. Kamfanoni kan rubuta lamba biyu. Ta talla ba ta da amfani wajen kwatance, domin kowane kamfani da inda yake fara awonsa. Wadda ake dogara da ita ita ce wadda aka auna a ɗagawar inci 0.050. Misali, kam ɗin Performer na Edelbrock yana da 204 a bawul ɗin shiga da 214 a na fita, XE268H na Comp Cams yana da 224 da 230, Performer RPM kuma ya kai 234 da 244.

Yawan digiri yana tura ƙarfin injin zuwa sama, wato sai ya yi gudu sosai kafin ya nuna kansa. Dalilin shi ne bawul ɗin shiga yana jinkirin rufewa. A juyi 6,000 cikin minti, iskar na shigowa da ƙarfi, jinkirin sai ya ba ta damar cika silinda. A juyi 1,500 kuwa, fistin da ke hawowa sai ya sake koro wani ɓangare na iskar da man waje. Motar cikin gari tana shafe kusan duk rayuwarta tsakanin juyi 1,500 da 3,500. Wanda ya saka mata kam mai 244 ya sayi ƙarfin da zai taɓa sau biyu a wata, ya biya da kasala a kowace danja.

Wannan ya fi muni idan matsin injin ƙarami ne. Injinan 350 na tsakiyar shekarun 1970 sun fito da matsi wajen 8.5:1, kuma babban kam yana ƙara zubar da ɗan abin da suke da shi. Irin waɗannan, digiri 204 zuwa 214 ya ishe su. Da matsi 9.5:1 ana iya hawa 218 zuwa 224 lafiya. Girman injin ma yana shiga lissafi: kam ɗin da ya yi wa 305 yawa zai zauna daidai a 383.

Lamba ta biyu ita ce zurfin buɗewar bawul. Lissafinta mai sauƙi ne: tsayin ƙullutu sau ninkin roka. Rokar asali 1.5 ce, saboda haka ƙullutu mai inci 0.300 yana ba da 0.450, da roka 1.6 kuma 0.480. Sai dai kan silinda yana da iyakarsa. Kan Vortec na 1996, da ake yabo saboda shaƙar iska, ba ya ɗaukar abin da ya wuce wajen 0.450 zuwa 0.480 sai an kai shi wurin mai injin yanka ko an sauya masa sifirin. Aunawa ake yi, ba a zato.

Ta uku ita ce LSA, tazarar digiri tsakanin ƙololuwar ƙullutun shiga da na fita. Idan ta matse, kamar 106 ko 108, lokacin da bawul biyu ke buɗe tare yana ƙaruwa, silo ya riƙa gurnani yana tsalle. Wannan ƙarar ce ke sa mutane da yawa sayen kam ɗin da ba nasu ba. Tana da daɗin ji a bidiyo, amma tana rage zuƙar iskar da birki ke dogara da ita. Injin asali yana ba da wajen inci 17 zuwa 20 a ma'aunin zuƙa. Idan ta sauko kusa da 10, birki ya yi tauri a cikin cunkoso. Don titi, 110 zuwa 112 ya fi kwanciyar hankali, mota mai kwamfuta da injekta kuma ta fi son 112 zuwa 114.

Shi ya sa kam ne ya kamata ya zo ƙarshe a jerin sayayya, bayan an san matsi, kan silinda, giya da nauyin motar. Mota mai otomatik da kwanbatar asali da giyar baya 2.73 ko 3.08 ba za ta ji daɗin abin da ya haura 218 ba. Daga 224 zuwa sama, ana buƙatar kwanbata mai kamawa a juyi 2,200 zuwa 2,500 da giyar baya irin 3.73. Idan ana shakka tsakanin kam biyu, ƙaramin ne ya dace.

Saura nau'in tafet. Mai shimfiɗaɗɗen ƙasa ya fi araha, mai taya kuma, wanda Chevrolet ya fara sakawa a motocinsa a 1987, ya fi tsada amma ya fi juriya. Shimfiɗaɗɗen yana buƙatar man inji mai sinadarin zinc, wanda aka rage a mayukan zamani. A tayarwar farko ba a barinsa a silo: ana riƙe injin tsakanin juyi 2,000 da 2,500 na minti 20 zuwa 30, don mai ya fantsamu kan ƙullutan. Sabon kam kuma da sababbin tafet yake tafiya, domin tsohon tafet ɗaya ya isa ya cinye ƙullutu, garin ƙarfen ya bi mai ya shiga ko'ina a injin.