Darasi: Tsohuwar Ƙwaƙwalwar Kwamfuta, a Saya da Lura

Ga 'yan kasuwa da dillalai na Funtuwa da Malumfashi, har Dandume da Bakori, ga darasinmu na wannan fitowa.

In kaka ta yi, masara da auduga suka shigo, lissafi kan yi wa littafi yawa, har wasu su yi shirin sayo kwamfutar tebur ta hannu daga Kano. To ku sani, abin dubawa cikin akwatin nan shi ne ƙwaƙwalwarta, wadda masu gyara ke kira firosesa.

Na farko, kada babbar lamba ta ruɗe ku. Pentium 4 ta kamfanin Intel, da ta fara fitowa a 2000, akwai mai gudun gigahaz 3, amma kai ɗaya gare ta. Pentium E5200 ta 2008 kuwa 2.5 ce, amma kawuna biyu, kamar shanun huɗa biyu a garma ɗaya. Ta fi waccan aiki, kuma wat 65 take ci, alhali wasu Pentium 4 sun kai 115. Mai janareta ko sola ya san bambancin.

Na biyu, irin wannan ta ishe ku ƙidayar buhuna, da rubuta bashi, da buga rasit.

Na uku, ga inda gizo ke saƙa. Kamfanin Microsoft ya daina toshe ɓarakar Windows 7 a Janairun 2020, ya kuma rufe tallafin gama-gari na Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuwa ba a yi ta don tsohuwar ƙwaƙwalwa ba. Ke nan rumbu ne ba kwaɗo. Saboda haka muna jan kunne: kada a buɗe asusun banki a kanta. A bar ta ga lissafi, a kwafe shi a filashi kowane mako, littafin bashi kuma kada a yar.

Kafin ku biya, a kunna ta gabanku, ku karanta sunan ƙwaƙwalwar a allo, ba a tambarin jikin akwati ba, kamar yadda ba ku karɓar buhu sai kun soka kun ga ƙwaya. Ku saurari fanka, don ƙurar hunturu kan toshe ta, zafi ya kashe na'ura.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Allah ya ba da kasuwa. Wassalam.