Amsar Tambaya: Kyanwoyi Sun Addabi Motata

Tambaya: Kullum da safe sai in tarar da sawun kyanwoyi a kan motata, har fenti ya fara karcewa. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, ɗumi suke bi. Idan ka kashe mota, bonet yakan daɗe da zafin inji, shi ya sa abin ya fi yawa da hunturu. Yawancin karcen kuma yashin da ke tafin ƙafarsu ne ke jawo shi, sai faratai idan suka zame. Mafi sauƙi, ka sayi rigar mota mai laushi daga ciki, amma ka wanke ƙurar kafin ka rufa, don tamfol a kan ƙura shi ma yana cin fenti. Kada ka goge sawun da busasshen tsumma; fara zuba ruwa.

Kyanwa ba ta son ƙamshin ɓawon lemo, ana iya watsa shi kusa da tayoyi, sai dai yana bushewa da wuri. Ka kuma nisanta motar daga bola da ragowar abinci. Guba kam, kada ka soma, akwai alhaki, ga kajin maƙwabta da yara.

Da asuba ka ɗan bubbuga bonet kafin ka tayar, don 'yan kyanwa kan kwana cikin inji.