Asalin Sunan Iskandar

A farkon zangon bana an kawo wani sabon yaro ɗakin kwananmu, mutumin Kabo, sunansa Iskandar. Tun ranar da aka kira suna a aji, yara suka laƙaba masa "ɗan iska", har ya daina zuwa ɗakin cin abinci. Abin ya dame ni, shi ya sa na shiga binciken sunan nan.

Ashe ko kusa ba shi da dangantaka da iska. Asalinsa Girkanci ne, watau Alezandros, kalmomi biyu aka haɗa: ɗaya tana nufin karewa, ɗaya kuma namiji. Ma'anarsa ke nan mai kare mutane. Wanda ya ɗaukaka sunan shi ne sarkin Makedoniya, almajirin Aristotal. An haife shi shekara 356 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), ya ci ƙasashe tun daga Masar har bakin Indiya, ya mutu a Babila a shekara ta 323 yana da shekara 32 kacal. Shi ya kafa birnin Iskandariyya na Masar.

To, yaya aka yi Alezanda ya koma Iskandar? Larabawa sun ɗauki "Al" ɗin farko tamkar "al" ɗin da suke sa wa kalmominsu, suka ce Al-Iskandar, daga baya aka yar da shi. Mu kuwa Hausawa akasin haka muka yi, muka riƙe "al" ɗin a Alhasan da albasa da alƙali.

Da na je hutu Gwarzo na tambayi kakana, malamin allo ne. Ya ce wasu masu tafsiri sun ce Iskandar shi ne Zulƙarnaini na Suratul Kahfi, wasu kuma sun musa, domin sarkin Girkawan mai bautar gumaka ne. Ni dai hujjar na biyun ta fi kwanta mini.

Sunan ya bazu duniya. Indiyawa da Pakistanawa suna cewa Sikandar, Rashawa kuma suna taƙaita shi su ce Sasha. Alezanda Filemin ne ya gano fenisilin a 1928, Alex Ekwueme kuwa shi ne mataimakin Shugaba Shehu Shagari daga 1979 zuwa 1983.

Na karanta wa 'yan ɗakinmu wannan bayan sallar lisha. Tsokana dai ba ta ƙare ba, sai dai yanzu "Sasha" suke ce masa, shi kuma yana amsawa.