Darasin Kasuwanci: Haɗa Aikin Ofis Ta Kwamfuta Da Kula Da Shago Daga Nesa

A darasinmu na wannan mako za mu duba wani al'amari da ya shafi duk ɗan kasuwar da ke da shago fiye da ɗaya, ko wanda harkarsa ke tilasta masa yawan tafiye-tafiye. Wannan al'amari kuwa shi ne manhajojin kwamfuta da ke ba ma'aikata damar yin aiki tare ko da ba sa wuri guda, da waɗanda ke ba maigida damar shiga kwamfutar ofishinsa daga wani gari. Binciken haɗin gwiwa na hukumar SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna cewa a ƙarshen 2020 ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Nijeriya sun kusan miliyan 40, mafi yawansu kuwa ƙanana ne ainun. Irin waɗannan ba su da ƙarfin ɗaukar injiniya, saboda haka tilas mai sana'a ya fahimci lissafin abin da kansa.

Tsadar nisa

Tun a 1937 masanin tattalin arziki Ronald Coase ya yi bayanin cewa kowace mu'amala tana da kuɗin da take ci bayan farashin kaya, watau kuɗin neman labari, da na ƙulla ciniki, da na tabbatar da cewa an cika alkawari. Ɗan kasuwar da ke da sito a Mile 12 ta Legas da wakili a Dawanau ta Kano ya san wannan tsada ko da bai san sunanta ba. Kafin zuwan wayar salula a 2001, layukan tarho da ke aiki a ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, sai a ba direba wasiƙa, ko maigida ya kama hanya don ya duba littafin ciniki da idonsa. Wayar salula ta sauƙaƙa magana, amma ba ta haɗa littafi ba. Har yanzu akan ɗauki hoton shafin lissafi a aika ta WhatsApp, bayan mako guda a tarar da kwafi uku, kowanne da jimlarsa. Wannan giɓi ne manhajojin da muke magana a kansu suka zo cikewa.

Kashi na farko: aiki tare

A wannan tsari takardun kamfani ba sa zama a kwamfutar mutum ɗaya. Suna ajiye ne a rumbun intanet na kamfanin da ya yi manhajar, duk wanda aka ba izini yana buɗe su daga inda yake. Kamfanin Google ya fara irin wannan hidima ga 'yan kasuwa a 2006, wadda aka sauya wa suna zuwa Google Workspace a 2020. Microsoft ya fito da Office 365 a 2011, sa'an nan ya ƙara da Teams a 2017 domin taro da musayar saƙo. Akwai kuma Zoho na ƙasar Indiya, da Zoom wanda ya yi fice wajen taro ta hoto. Lokacin annobar korona, wadda ta sa aka rufe Legas da Abuja a ƙarshen Maris na 2020, masu halartar taro ta Zoom a kullum sun tashi daga miliyan 10 a Disamba 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilu 2020.

Babban amfanin wannan kashi ga ƙaramin ɗan kasuwa shi ne littafi ya zama guda ɗaya. Yaron shago ya shigar da buhu 40 da suka iso, nan take akawu da maigida su gani. Har ila yau manhajar tana ajiye tarihin gyare-gyare, ta nuna wanda ya canja adadi da lokacin da ya canja. Maigida kuma yana iya raba izini: wannan ya karanta kawai, wancan ya rubuta.

Kashi na biyu: sarrafa kwamfuta daga nesa

A nan takardun suna nan cikin kwamfutar ofis, fuskarta ce kawai ake nuna wa mutum a wayarsa ko a wata kwamfuta, ya sarrafa ta kamar yana zaune a gabanta. Fitattu a wannan fanni su ne TeamViewer da AnyDesk, dukansu na ƙasar Jamus, da Chrome Remote Desktop na Google, da Remote Desktop da ke cikin Windows, ko da yake kwamfutar da za a shiga sai ta kasance mai samfurin Pro ko sama da shi. Wannan hanya ta dace da wanda ke da tsohuwar manhajar lissafi da aka girka a kwamfuta ɗaya, ko wanda ke son mai gyara ya duba masa matsala ba tare da ya zo ba.

Sai dai akwai sharaɗi mai nauyi a ƙasarmu: dole kwamfutar ofis ta kasance a kunne, kuma haɗe da intanet. In an ɗauke wuta, janareta kuma ba mai, ƙofa ta rufe ke nan. Saboda haka kuɗin man janareta ko na batir yana cikin farashin wannan kashi. A kuma lura cewa kyautar TeamViewer da AnyDesk ta amfanin kai ce, harkar kasuwanci tana buƙatar lasisi.

Haya ce, ba saye ba

A da akan sayi manhaja sau ɗaya a yi shekaru ana amfani da ita. Yanzu galibi haya ake biya, kowane ma'aikaci da kuɗinsa a wata, kuma asalin farashin da dala ne. Alal misali, mu ɗauka ana biyan dala 6 a wata kan kowane mutum, kamfani kuma yana da ma'aikata 5. A shekara dala 360 ke nan. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin canji a Yuni 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, watau naira 165,600. Da dala ta kai wajen naira 1,500 a farkon 2024, wannan hidima ɗaya ta koma naira 540,000, alhali ba abin da aka ƙara mata. Ban da wannan akwai kuɗin data, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari.

Don haka kafin a sa hannu, a auna wannan jimla da abin da ake kashewa a kuɗin mota, da kwanakin da maigida ke rasawa a hanya, da asarar da kuskuren lissafi ke jawowa. A tambaya ko kamfanin yana da farashi da naira. Mai ma'aikata biyu ko uku na iya farawa da na kyauta, domin asusun Google yana ba da wurin ajiya na gigabait 15, Zoom kuma yana ba da taron minti 40. Amma a guji manhajar sata da ake sayarwa da arha, domin sau da yawa da cutar kwamfuta take zuwa. Araha dai ba ta ado.

Mabuɗi a hannun wa?

Nan ne babban haɗarin yake. Ƙofar da maigida ke shiga daga nesa, ɓarawo ma daga nesa zai shige ta. A Mayu 2021 'yan damfara sun shiga kwamfutocin kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline a Amurka ta wani tsohon asusun shiga daga nesa wanda kalmar sirri guda ce kaɗai ke tsaronsa. Aikin bututun ya tsaya na kwanaki, kamfanin kuma ya biya fansar kusan dala miliyan 4.4. In haka ta sami babban kamfani, ina ga mai shago biyu? Wata dabarar kuma ita ce mutum ya bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne, ya nemi a girka manhajar sarrafawa daga nesa a karanta masa lambarta. Wanda ya yi haka ya miƙa asusunsa da hannunsa.

Haɗari na biyu na cikin gida ne. Sau da yawa yaron da ya iya kwamfuta shi ke buɗe asusun da sunansa da lambar wayarsa. Ranar da aka ɓata, ko ya bar aiki, sai ya tafi da littafin kamfani da sunayen abokan ciniki. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta ɗora wa mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Abin da ya kamata a yi

Na ɗaya, a buɗe babban asusu da sunan kamfani da lambar wayar maigida. Na biyu, kowane ma'aikaci ya sami nasa izini da kalmar sirrinsa, kada a yi tarayya a guda. Na uku, a kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda bayan kalmar sirri sai an shigar da lambar da ke zuwa a waya. Na huɗu, a soke izinin ma'aikaci a ranar da ya bar aiki. Na biyar, kowane mako a sauke kwafin littafin lissafi a adana a wani wuri dabam, domin in haya ta yanke kada a rasa tarihin ciniki.

Ɗan kasuwar da ba ya barin mabuɗin sitonsa a hannun kowa bai kamata ya bar kalmar sirrin littafinsa a hannun wani ba. Wanda ya kiyaye wannan, ya kuma yi lissafin hayar da dala kafin ya shiga, zai ga amfanin waɗannan kayan aiki. Allah ya ba da kasuwa mai albarka.